Yadda ake kafa rumbun taimako a ikilisiya, daga godiyar kaka zuwa tsakiyar damina

A yawancin majami'unmu na Zariya, taimakon gwauraye da marayu yana zuwa ne a mako guda, makon Kirsimeti. A raba shinkafa da atamfa, a yi addu'a, kowa ya koma gida da murna. Abu ne mai kyau, kada a daina. Amma duk wanda ya saba shiga gidajen mutane ya san Disamba ba watan yunwa ba ne. Hatsi yana araha, dangi suna aiko da tsaraba daga ƙauye, maƙwabci ma yana iya miƙo kwano. Wahalar tana jiran Yuli da Agusta, lokacin da na bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, masara ta yi tsada, zazzaɓin cizon sauro kuma yana kwantar da yara. A wannan lokacin ne gwauruwa take dafa sau ɗaya a yini, ba ta gaya wa kowa ba.

Abin da zan bayyana shi ne yadda ikilisiya, ƙarama ko babba, za ta tara hatsi da kaka, ta adana shi lafiya, ta kai shi gidajen da suke bukata da damina, ba a zubar da mutuncin mai karɓa ba, ba a kuma sa mai bayarwa zargi ba. Na yi wannan hidima shekara da shekaru a kwamitin taimako, abin da na ga yana aiki shi zan faɗa.

Abin da za ku tanada

Mutane su ne kayan aiki na farko: mutum 5 ko 7 waɗanda jama'a suka yarda da su. Bayan su sai waɗannan.

Manyan littattafan rubutu guda 2 masu bango mai kauri, ɗaya na kaya da kuɗi, ɗaya na sunayen gidaje. Kada a haɗa su a littafi ɗaya, dalilin yana zuwa a gaba.

Ƙaramin littafin rasit mai kwafi.

Ɗaki mai daɓen siminti wanda rufinsa ba ya yoyo, da kwaɗo 2 masu mabuɗi dabam-dabam.

Buhunan adana hatsi waɗanda iska ba ta shiga, irin da aka fi sani da PICS: leda 2 masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ana samunsu wurin masu sayar da kayan noma a Sabon Gari da Samaru. In ba ku samu ba, jarkoki masu lita 25 ko duro mai murfi mai kamawa sosai za su yi.

Tiya ɗaya da mudu ɗaya na ikilisiya, a rubuta musu suna da fenti. Da su za a karɓa, da su za a raba.

Katakai na ɗora buhuna, tamfol na shanya, faifai ko tire na sheƙa, igiya ko tsohuwar robar tayar keke ta ɗaure baki, da kwalba busasshiya da ɗan gishiri.

Asusun banki da sunan ikilisiya, wanda kuɗi ba ya fita sai mutum 2 sun sa hannu.

1. Ku fara da fasto da dattawa

Ko da ku ne kuka kawo shawarar, kada ku soma tara ko tiya ɗaya kafin majalisar ikilisiya ta zauna a kai. Kowace ɗarika da tsarinta, ECWA da Baptis da Angilikan da Katolika da HEKAN ba hanya ɗaya suke bi wajen kuɗi ba, kuma a wurare da dama kayan godiyar kaka suna da inda aka saba kai su: wani kashi na gidan fasto, wani na masu bishara a ƙauyuka, wani a yi gwanjonsa don gini. In kuka taɓa wannan ba da izini ba, kun buɗe rigimar da za ta cinye aikin tun bai tsaya da ƙafarsa ba. Ku roƙi abu biyu a rubuce: kason da za a ware wa rumbu daga kayan godiya, da Lahadi ɗaya ko biyu na baiko na musamman.

Hujjar da za ku kai musu tana cikin Ayyukan Manzanni sura 6. Gunaguni ya tashi a ikilisiyar Urushalima saboda ana tsallake gwaurayen wani ɓangare a rabon abinci na kullum, sai manzanni suka ce jama'a su zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida su riƙe wannan hidima. Fasto ba zai iya wa'azi da ziyara da jana'iza ya kuma zauna yana awon masara ba. Ya zama mai sa ido da ba da shawara, mabuɗi kuwa ya zauna a hannun wasu.

2. Ku zaɓi kwamiti

A sa mata su fi yawa ko su yi daidai da maza. Zumuntar Mata ce ta san tukunyar da ba a ɗora ba, ita ce take shiga har ɗaki. A sa dattijo ɗaya, matashi ɗaya mai iya lissafi da waya, da manomi ko ɗan kasuwar hatsi wanda in ya damƙi masara a hannu ya san ko ta bushe. In akwai ma'aikaciyar jinya a cikinku, ku jawo ta.

Majami'un Zariya tarin ƙabilu ne. A benci ɗaya za ka ga Bahaushen Wusasa, Bajju, Atyap, Ham, Ngas, Tibi, Ibo, Bayarabe, ga ɗalibai da suke zuwa su tafi. In kwamiti ya fito daga yare ɗaya ko unguwa ɗaya, ko da sun yi adalci ba za a gani ba. Ku gauraya. Kada miji da mata su zauna a kwamiti tare, kada kuma ma'aji da mai riƙe mabuɗi su zama 'yan gida ɗaya. Wa'adi shekara 2 ya isa, a riƙa sauya rabi ana barin rabi don kada ilimin aikin ya tafi gaba ɗaya.

Sharaɗi mafi girma shi ne riƙe baki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda zai fita daga taro ya ba matarsa ko abokinsa labarin wanda ba shi da abinci, komai kirkinsa, a ba shi wata hidimar.

3. Ku gano masu bukata, da ƙafa

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi yin kuskure. Hanya mafi sauƙi ita ce a tsaya a gaban jama'a a ce duk mai bukata ya rubuta sunansa bayan sujada. Kada ku bi ta. Masu ƙarfin baki za su cika takardar, wadda ta fi kowa wahala kuwa za ta gyara ɗankwalinta ta wuce gida, don ba za ta iya tsayawa a layi a gaban matan da suka yi aure shekara ɗaya da ita ba.

Ku raba unguwanni, ku fita biyu-biyu, mace da mace ko mace da dattijo. Namiji kada ya je gidan gwauruwa shi kaɗai, don kare sunanta da nasa. Ku je kamar ziyarar da aka saba, ba littafi a hannu. A yi sallama, a zauna, a gaisa sosai: "Mama, ina gajiya? Yaya yara, yaya jikin?" A yi addu'a tare. Sauran kuwa ido ne zai yi. Ƙarfe biyu na rana murhu da sanyi, ba toka sabuwa. Yaro ɗan makaranta yana gida ranar Talata. Takardar magani tana kan taga, an ninke ta, ba a saya ba. In za ku yi tambaya, ku yi ta gefe: "Mama, bana an samu yin gona kuwa?" Amsar za ta gaya muku abin da kuke nema. Sai kun fito ku rubuta.

Abin da za a rubuta kaɗan ne: suna, unguwa, yawan bakin da ake ciyarwa, ko akwai mai ciwo, ko akwai mai kawo wani abu gida. Wannan littafin mutum 2 kawai za su riƙa gani. Kowane gida a ba shi lamba, lambar ce za ta shiga littafin kaya. Ta haka duk mai son duba lissafi zai duba, ya ga gida na 14 ya karɓi tiya 10, bai san ko gidan wa ba ne.

Ba kowace gwauruwa ce mabukaciya ba. Akwai wadda 'ya'yanta suke aiki a Kaduna da Abuja suna aiko mata, abin da take so a wurinku ziyara ce da hira. Akwai kuma matar da mijinta yana raye amma ya shekara a kwance, ko ya tafi neman kuɗi ba labari, ita ba ta cikin jerin gwauraye, yunwarta kuwa ta fi tasu. Ku tuna da tsofaffin masu bishara da suka yi ritaya ba fansho, da matan fastocin da suka rasu, waɗanda sau da yawa sukan bar gidan ikilisiya ba su da nasu. Ku tuna da kakar da aka tara wa jikoki, da iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauye suka raɓe a ɗaki ɗaya a bayan gari. Majami'un Samaru da Kongo su sa ido a kan ɗalibai a ƙarshen zango, akwai masu kwana da garin kwaki kawai.

Bulus ya gaya wa Timoti cewa gwauruwar da take da 'ya'ya ko jikoki, su ne na farko da nauyinta yake kansu, don ikilisiya ta iya kula da waɗanda ba su da kowa. Saboda haka in kun tarar da tsohuwa cikin wahala alhali ɗanta yana da hali, aikin dattawa ne su kira shi su yi masa magana cikin ƙauna. Amma kada a hana ta abinci ana jiran ya shiryu.

Sai maƙwabta. A Tudun Wada ko Muciya ko Kwangila, gida ɗaya za ka samu Kirista da Musulmi suna shanya a igiya ɗaya. Ra'ayina shi ne a ware kashi, ko ɗaya cikin goma ne, don mabukatan da ba 'yan ikilisiya ba. Galatiyawa 6:10 ta ce a yi wa kowa alheri, musamman iyalin bangaskiya, ba ta ce su kaɗai ba. A ba da shi ba sharaɗi, ba a ce sai an zo sujada ba. Tsohuwar majami'ar St. Bartholomew da aka gina da ƙasa a Wusasa a 1929 tana tsaye kusa da makaranta da asibiti, asibitin nan kuwa bai taɓa zama na Kirista kaɗai ba. Gadon da muka tarar ke nan.

4. Ku yi lissafi kafin ku roƙa

Jama'a sun fi bayarwa in sun san abin da ake nema. Buhun masara babba yakan ba da tiya 40 ko ƙasa kaɗan, amma ku auna da taku tiyar ku tabbatar. A ce kun samu gida 20, kuna so kowanne ya samu masara tiya 10 da wake tiya 2, sau biyu, a Yuli da Agusta. Masara tiya 400 ke nan, buhu 10, wake tiya 80, buhu 2. Ku ƙara buhu 1 ko 2 na ko-ta-kwana, don za a yi rasuwa ko gobara ko baƙin da ba a zata ba. Ku ƙara kuɗin buhunan adanawa, dako, mota, da kuɗin niƙa.

In abin ya fi ƙarfinku, ku rage yawan gidaje ko ku yi rabo sau ɗaya. Gara gida 8 su samu abin da zai kai su mako uku da a ba gida 40 mudu bibbiyu a ce an yi taimako.

5. Tarawa

A fara sanarwa tun Satumba, ana fara girbin masara. A faɗi adadin a fili: buhu kaza muke nema, don gida kaza, ba suna. Manomi ya kawo daga gonarsa, ma'aikaci ya ba da kuɗi, mai mota ya ba da mota, matasa su ba da ƙarfi. Tsohuwar da ta zo da mudu ɗaya a ƙullin zane a karɓa da hannu biyu, a rubuta, a yi mata godiya kamar wanda ya kawo buhu. Ban goyi bayan kiran sunaye da adadi daga bagade ba. Yana sa masu kuɗi gasa, yana sa talaka ya ɓoye hannunsa, ga kuma gargaɗin Ubangiji a Matiyu sura 6 game da yin sadaka don a gani.

Kuɗin baiko mutum 2 ko 3 za su ƙirga nan take, a rubuta, su sa hannu, a kai banki washegari. Masu turawa ta waya su tura asusun ikilisiya, su rubuta cewa na rumbu ne. Kada a taɓa ba da lambar asusun wani mutum, ko da fasto ne, ko da don sauƙi ne. Bulus da kansa, da zai kai gudummawa Urushalima, ya nemi a haɗa shi da waɗanda ikilisiyoyi suka zaɓa don kada wani ya samu abin zargi, yana cikin 2 Korintiyawa sura 8. In ƙaramar ikilisiya ce da ba ta da asusu, a juya kuɗin ya zama hatsi cikin mako guda, kada ya kwana a aljihu.

6. Saye

Lokacin saye daga ƙarshen Oktoba ne zuwa Disamba, sa'ad da sabon hatsi ya cika kasuwa. Masara ce kan gaba, dawa tana biyowa wajen Nuwamba da Disamba. In buhunan suna da yawa, zuwa kasuwar Giwa yakan biya kuɗin motarsa. In kaɗan ne, ku saya a cikin gari ko kai tsaye daga manoman ikilisiya a farashin kasuwa na ranar. Kada ku matsa wa ɗan'uwa ya karya kuɗi don na Allah ne, in zai rage ya rage da kansa. Kada kuma ɗan kwamiti ya sayar wa kwamiti.

Mutum 2 za su je. Kowane buhu a zura hannu har tsakiya, ko a sa a juye shi, don akan sa mai kyau a sama. Ku duba tsakuwa, ƙaiƙayi, ƙwayar da ta huje, da wadda ta yi baƙi ko kore. Ku sansana. Hatsin da yake warin magani ko warin danshi ku bar shi komai arahar sa. Wanda ya yi fumfuna yana iya ɗauke da gubar da take lalata hanta, wanki da niƙa ba sa cire ta, kuma yara da tsofaffi za ku ba.

Wake ya fi masara tsada, ya fi ta saurin lalacewa, amma kada ku bar shi. Gidan da ba a sayen nama, wake ne namansu. In ya gagara, waken soya ya fi araha, mata kuma sun san yadda za su yi awara da shi ko su haɗa a kunun yara.

7. Busarwa da adanawa

Rumbu da yawa a nan suke mutuwa. An tara da murna a Nuwamba, an buɗe a Yuli an tarar da gari da ƙwari.

Ku shimfiɗa tamfol, ku baza hatsin a rana, a riƙa juyawa, a sheƙe, a tsince. Iskar hunturu tana taimakawa ƙwarai. Gwajin bushewa iri biyu ne. Na farko a ciza ƙwaya: busasshiya tana fashewa da ƙara, ɗanya tana lotsawa. Na biyu ya fi tabbas: a zuba hatsi kamar sulusin busasshiyar kwalba, a sa cokali 2 ko 3 na busasshen gishiri, a rufe, a girgiza sosai, a ajiye minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a mayar rana. Bayan shanya a bar hatsin ya huce a inuwa kafin a ɗura, kada a rufe shi da zafinsa.

Kafin ɗuri ku duba kowace leda. A hura mata iska a matse, in tana sacewa ta huje, a canza. A sa leda cikin leda, a sa su cikin buhun, a zuba hatsi ana girgizawa don ya zauna, a bar wurin ɗauri. A matse iskar ledar ciki, a murɗe bakin, a lanƙwasa, a ɗaure tam. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje shi kaɗai. Ɗauri uku dabam-dabam. Hikimar ita ce ƙwarin da suke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, don haka ba a bukatar magani ko kaɗan, kuma duk buɗewa tana mayar da aiki baya. Buhun da za a riƙa ɗiba don gaggawa a ware shi dabam. In jarka ko duro kuka samu, a wanke, a bushe sarai, a cika har wuya, a sa leda a bakin kafin a murɗa murfi. Wanda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki ba ya shiga wannan aiki.

Ina roƙonku da babbar murya, kada wani ya kawo shawarar zuba Sniper ko wani maganin feshi a cikin wake. Guba ce, tana kashe mutane. Ƙwayar hayaƙin nan da 'yan kasuwa suke jefawa cikin buhu ita ma ba ta hannun kowa ba ce, iskar da take fitarwa tana kisa, balle a ɗakin da yake jikin inda mai gadi ko iyalin fasto suke kwana.

A jera buhuna a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango yadda mutum zai zagaya. Ɓera ne babban abokin gaban leda, huji ɗaya ya isa. A toshe ramuka, a share ɗakin, a sa tarko, kada a bar ƙwaya a ƙasa. Kowane buhu a rubuta masa lamba da ranar ɗauri. Mabuɗan kwaɗo biyun su kasance a hannun mutum 2, ɗakin ba ya buɗuwa sai suna tare. Sau ɗaya a wata a shiga a ƙirga, a duba rufi, musamman kafin ruwan farko na Afrilu da Mayu.

Wata jarrabawa tana zuwa wajen Yuni: farashi ya hau, wani zai ce a sayar a ci riba a sa a gini, ko a ranta wa taron da ke tafe buhu biyu. Shi ya sa kuka karɓi izini a rubuce tun farko. Ku fito da takardar.

8. Rabo

Kafin ranar ku sake zagayawa, don wata bakwai sun wuce. Wani ya samu aiki, wata ta rasa miji a Maris.

A auna a cikin ɗaki, a ƙulla a buhunan da ba rubutu, a sa lambar gida. Gida mai baki 9 ba zai samu daidai da mai baki 2 ba. Ku yi mataki uku, ƙarami da matsakaici da babba, ku tsaya a kai. Kowane ƙulli a haɗa da kuɗin niƙa, don na sha ganin masara ta kwana uku a gida ba a kai inji ba saboda babu na biya. In da hali a ƙara gishiri, ɗan manja ko man gyaɗa, da kuka ko busasshiyar kuɓewa. Tsohon da ba shi da mai dafa masa, hatsi ba zai amfane shi ba. A ba wata maƙwabciya amintacciya rabonsa da ɗan ƙari ta riƙa zuba masa.

Ku kai gida. Kada a tara mutane a harabar majami'a a jera su da buhu a gabansu. A ɗauki Keke Napep, mutum 2, da yamma ko da sassafe, a shiga kamar baƙi. Magana kaɗan ta isa: "Mama, ga saƙo daga 'yan'uwa, a yi wa yara tuwo." In ta fara godiya tana durƙusawa, a ɗaga ta, a ce godiya ta Ubangiji ce. A yi addu'a gajeriya a tafi. Ba hoto. Na san masu aiko da kuɗi daga nesa suna son gani, kuma matasa hannunsu yana ƙaiƙayin sa abu a Facebook da WhatsApp. A ɗauki hoton buhuna a ɗaki, a tura musu lissafi. Yaron da aka ɗauka yana riƙe da ledar taimako zai je makaranta gobe, abokansa sun gani.

Wani zai ƙi karɓa saboda kunya. Kada a yi masa wa'azi a kan girman kai. A bi ta hannun wanda yake jin nauyinsa, ko a ba shi wani ɗan aiki a majami'a a biya shi da hatsi. Wani kuma zai zo da faɗa don ba a sa shi ba. A saurare shi a keɓe, mutum 2 su je gidansa su gani. In an yi kuskure a gyara daga buhun ko-ta-kwana, in ba a yi ba a gaya masa gaskiya da taushi, ba tare da an ambaci sunan waɗanda suka samu ba.

9. Kuɗin gaggawa

Hatsi ba ya biyan kuɗin asibiti. Ku ware wani abu a asusu, ku kuma amince tun da wuri a kan adadin da shugaban kwamiti da ma'aji za su iya fitarwa cikin dare ba sai an kira taro ba. Wanda aka kwantar a asibitin Shika ko na Wusasa ko na Gambo Sawaba, ɗan kwamiti ya je da kansa, ya biya a wurin biya ko ya sayo maganin, ya karɓo rasit. Kuɗin makarantar maraya a biya makarantar kai tsaye. Wannan ba rashin yarda ba ne. Kuɗi in ya shiga gidan da ake bin bashi, mai bin bashin ne zai fara jin ƙamshinsa.

Ku bambanta kyauta da rance tun a baki. Ni dai shawarata kwamitin taimako kada ya ba da rance, don ranar da kuka fara bin gwauruwa bashi, ranar za ta daina zuwa sujada. In mace tana da sana'a a hannu, ƙosai ko awara ko ɗinki, jari ne ya karye, a saya mata kayan a ba ta kyauta, wata daga Zumuntar Mata ta riƙa leƙa ta.

10. Ku ba da rahoto

A watan Satumba, kafin a fara sabon roƙo, magatakarda ya tsaya a gaban jama'a ya karanta: buhu nawa aka tara, nawa aka saya da nawa, gida nawa suka samu, nawa aka kashe a asibiti da makaranta, me ya rage. In buhu ya lalace a faɗa, a faɗi dalili. A manna kwafi a allon sanarwa. Majalisa ta naɗa mutum 2 da ba sa cikin kwamiti su bi littafin kaya da rasit ɗaya bayan ɗaya. Littafin sunaye kuwa ba ya fita, fasto kaɗai zai iya dubawa in an samu ƙorafi.

Hatsin da ya rage kada a tsallaka da shi wata shekara, a ƙarasa rabawa kafin sabo ya shigo. A zazzage ledoji, a goge, a sake gwada su da iska, masu lafiya a ninke a rataye inda ɓera ba zai kai ba, waɗanda suka huje a yi ƙullin rabo da su. A share ɗakin, a bar shi a buɗe ya sha iska kwana biyu kafin masarar farko ta iso.